Milisakan 16: Laccar Wani Mai Rubuta Wasannin Waya

Wani mai ƙirƙirar wasannin waya ne ya gabatar da wannan lacca ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Kano. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, ina gaisuwa. Ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙuri da wannan zafi. An ba ni minti 40. Zan yi ƙoƙari, amma duk wanda ya san ni ya san a cikin kwamfuta kaɗai nake cika alƙawarin lokaci.

Sana'ata rubuta wasanni, irin waɗanda yara ke ce wa gem. Har yau in gwaggona ta tambayi aikin da nake yi, aka ce mata wasa, sai ta girgiza kai ta ce Allah ya shirya. (Dariya.) To yau so nake in nuna muku abin da wasan nan ya koya mini, wanda da wuya in koye shi a wani wurin.

Kowa ya ciro wayarsa. Ka nemo manhajar da kake tura kuɗi da ita. Kada ka faɗi sunanta, ba mu zo kashe wa kowa kasuwa ba. Danna, ka fara ƙirga a zuci har sai ta buɗe ta yadda za ka iya yin wani abu. Bismillah.

Wa ya kai uku? Kusan kowa. Biyar? Har yanzu hannuwa da yawa. Ga wata ƙanwata can baya ta ce tara. Sakan tara!

To ku riƙe wannan taran. A aikina, a cikin sakan tara dole wasana ya zana hoto 540. Abin da kuke gani yana motsi a fuskar waya hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri, sau 60 a kowane sakan. Raba sakan ɗaya gida 1,000, kowane gida sunansa milisakan. Raba dubun nan da 60, ka samu 16 da 'yan kai. Wannan shi ne kasafina gaba ɗaya. A cikin milisakan 16 zan duba me yatsan ɗan wasa ya taɓa, in motsa kowace mota da kowane mutum da ke cikin wasan, in lissafa wa ya bugi wa, in kunna sauti, in zana komai, in miƙa wa fuskar waya. Sannan in sake daga farko. In na makara da milisakan biyu kacal, hoton ya rasa motarsa, sai ta gaba. Yaro ɗan shekara bakwai da bai taɓa jin kalmar furosesa ba zai ji a yatsansa. Zai ce gem ɗin nan yana maƙalewa, ya goge shi, ba kuma zai rubuto mini wasiƙa ya faɗi dalili ba.

Wannan yaron shi ne alƙalina, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kotunsa. Wanda ya rubuta manhajar da ta cinye wa ƙanwata sakan tara ba shi da irin wannan alƙalin, domin ya san za ta jira. Kuɗinta na ciki, ina za ta je?

Bari mu ɗan koma baya. Na'urar wasa ta Atari 2600 da ta fito a 1977 tana da ram, wato ma'ajiyar da na'ura ke riƙe abin da take aiki a kai, na bayit 128, bayit ɗaya kuwa kusan harafi ɗaya ne. Ban ce megabayit ba, ban ce kilobayit ba, bayit. Cikakken saƙon tes guda ɗaya mai harafi 160 ba zai shige shi ba. Babu ma inda za a ajiye hoton da za a nuna, don haka mai rubuta wasan sai ya riƙa ba talabijin layi ɗaya bayan ɗaya, daidai lokacin da talabijin ɗin ke zana layin. Kamar kana saƙa tabarma ana nannaɗe ta a bayanka.

Da yawanku ba ku riski gem ɗin nan mai kaset rawaya da ake jonawa a talabijin ba. Malamai sun riske shi, na ga suna murmushi. Kwaikwayo ne na na'urar kamfanin Nintendo, kuma wasan da muka fi bugawa a kai shi ne Super Mario Bros. na 1985. Wasan nan dukansa, da duniyoyinsa takwas, da kiɗansa, da dodanninsa, kilobayit 40 ne. Hoto guda da za ka ɗauka yanzu da wayarka, mu ce megabayit 3, ya ninka shi sau 75. Furosesar na'urar, wato ƙwaƙwalwarta da ke yin lissafi, tana gudun megahaz 1.79, ram ɗinta kilobayit 2. Waya mafi araha a ɗakin nan, in dai mai shafawa ce, tana da ram gigabayit 2, wato ninki miliyan ɗaya. In kun samu dama ku kalli hoton wasan da kyau. Gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya, wannan fari, wancan kore. Na yi shekaru ina buga wasan ban lura ba. Hular Mario da gashin bakinsa ma ƙunci ne ya haife su: ɗigon da ake da su a fuskarsa ba su isa a zana baki da gashin kai mai motsi ba, sai Shigeru Miyamoto ya rufe kan da hula, ya rufe bakin da gashin baki.

Wanda ya fi burge ni shi ne Space Invaders na 1978. Tomohiro Nishikado ne ya yi shi a Japan, shi ya haɗa na'urar, shi ya rubuta wasan. Da farko dodanni sun cika fuska, furosesa na fama da su, suna tafe a hankali. Kana harbe su suna raguwa, aikinta na raguwa, sai ragowar su ƙara sauri. Bai tsara haka ba, rashin ƙarfin na'ura ne. Da ya buga ya ji yadda gaban mutum ke faɗuwa in saura ɗaya yana gudu kamar walƙiya, sai ya bar shi haka. Mutumin da ya san na'urarsa ciki da bai ne kaɗai zai iya mai da rauninta ado.

To ina ninki miliyan ɗin nan ya tafi?

Tun 1995 Niklaus Wirth, mutumin Suwizalan da ya ƙirƙiro yaren rubuta manhaja na Pascal, ya yi kuka a rubuce cewa manhajoji na ƙara nauyi da saurin da ya fi saurin da na'urori ke ƙara ƙarfi. A 2017 wani injiniya mai suna Dan Luu ya ɗauko kyamara mai saurin ɗauka, ya auna tsakanin lokacin da yatsa ya danna harafi da lokacin da harafin ya bayyana. Kwamfutar Apple IIe ta 1983 ta yi a milisakan 30. Yawancin sababbin kwamfutocin da ya gwada sun ninka haka, wasu sau uku ko fiye. John Carmack, wanda ya rubuta injin wasan Doom na 1993, ya taɓa cewa a 2012 aika saƙo daga Amurka zuwa Turai ta intanet ya fi masa sauri a kan aika ɗigo ɗaya zuwa fuskar da ke gabansa. Mutane sun ɗauka ba'a yake, sai ya kawo awon.

Dalili na farko shi ne gini a kan gini. Yau in mutum zai rubuta 'yar manhajar hira, sau da yawa sai ya ɗauko burauza sukutum ya cusa a ciki, ya ɗora kayan wasu a kai, su ma kayan nan a kan kayan wasu suke zaune. Babu wanda ya san abin da ke ƙasa. A watan Maris na 2016 wani mutum ya yi fushi ya janye wani ɗan kod nasa, wato rubutun umarnin manhaja, mai layi 11 daga rumbun da masu rubutu da yaren JavaScript ke ɗiba. Aikin kod ɗin kawai ya cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Cikin sa'o'i ayyuka dubbai suka ƙi haɗuwa a duniya, har da na manyan kamfanoni, kuma akasarin masu su ba su ma san suna jingine da shi ba.

Na biyu kuwa, kuma a nan zan ɗan daɗe, rashin awo ne. Kada ku ce na zo ne in wanke 'yan sana'armu, don misalin da zan kawo daga gidanmu yake. Wasan GTA Online ya fito a 2013, ya kawo wa masu shi kuɗin da ni da ku ba za mu iya ƙirgawa ba. Shekara bakwai da ɗoriya mutane na ƙorafin yana daɗewa kafin ya buɗe. A farkon 2021 wani mai kodin da ke kiran kansa t0st ya gaji. A kwamfutarsa minti shida wasan ke ɗauka. Ba shi da asalin kod ɗin, daga waje ya leƙa da kayan awo, ya ga ina lokacin ke tafiya. Ashe wasan na karanta wani fayil ne mai megabayit 10, jerin kayan da ake sayarwa a ciki, kusan guda 63,000. Kuskure biyu ya samu. Duk lokacin da za a karanta lamba ɗaya, sai an fara auna tsawon ragowar fayil ɗin har ƙarshe. Sannan duk kayan da aka karanta, sai an gwada shi da duk waɗanda suka riga shi, ɗaya bayan ɗaya, wai kada a maimaita.

Ku ɗauka ana rubuta sunayen masu gudummawa a gidan biki. Duk wadda ta miƙo nata, mai rubutu sai ta koma shafin farko ta karanto sunan kowa don ta tabbata ba a rubuta wannan ba. In mutum 20 ne, babu wanda zai lura. In mutum 63,000 ne, gwaji ya kusa biliyan 2. Amarya ta haihu ba a gama ba. (Dariya.) Mutumin nan ya toshe ramukan biyu, minti shida ya koma ƙasa da minti biyu. Kamfanin ya amsa cewa gaskiya ne, ya gyara, ya ba shi dala 10,000.

Abin lura a nan, waɗanda suka rubuta kod ɗin ba jahilai ba ne. Ranar da aka rubuta shi jerin gajere ne, yana gudu lafiya. Jerin ya yi ta girma, babu wanda aka ɗora wa alhakin ya zauna ya auna. Me ya sa cikin wasan yake gudu sumul, amma ƙofar shigarsa take minti shida? Saboda a ciki akwai alƙalin milisakan 16, a bakin ƙofa kuwa babu.

Yanzu in ba ku nawa abin kunyar. Na taɓa yin wani ɗan wasa na tuƙa adaidaita sahu a cikin cunkoso, kana kauce wa ramuka kana ɗaukar fasinja. Na yi alfahari da ƙurar da ke tashi a bayan taya, har mako biyu na ɓata a kanta. Na gwada a kwamfutata, na gwada a wayata mai tsada, a ɗaki mai sanyi. Lafiya lau. Sai na je shagon wani ɗan'uwana a watan Afrilu, rufin kwano, babu wuta, na tura masa a wayarsa, irin mai ram gigabayit 1. Minti biyar na farko yana dariya. Can sai na ga ya daina dariya. Adaidaita ta fara tsalle kamar mai jin sanyi, ta tsaya, ta zabura, ta afka rami. Ya juya wayar ya taɓa bayanta ya ce, "Yaya, wannan ai sai a soya ƙwai a kai." Ya miƙo mini ya ci gaba da awon shinkafarsa.

Abu biyu ne suka haɗu. Furosesa in ta ɗau zafi tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Wanda ya gwada waya a ɗaki mai digiri 22 bai gwada wayar da za a riƙe a digiri 42 ba, ko da kuwa ita ce dai. Ɗayan kuma laifina ne tsantsa. Kowane ɗigon ƙura da ya tashi, sai in nemi sabon wuri a ram in ajiye shi, in ya baje in yar. A yaren da nake amfani da shi akwai wani mai shara da ke zuwa lokaci-lokaci ya kwashe abin da aka yar, kuma in ya zo sai kowa ya ɗaga ƙafa ya jira shi. A babbar waya sharar milisakan biyu ce. A ta ɗan'uwana tana kai 80. Hoto biyar ke nan sun wuce.

A wajen mai shayin unguwarmu na ga maganin, duk da dai dabara ce da masu wasanni suka daɗe da sani. Kofinsa bai fi 12 ba, amma yana shayar da mutum ɗari kafin hantsi. Ba ya sayen sabon kofi don sabon mutum, ɗauraya yake ya mayar. Na ware ɗigon ƙura 200 tun farkon wasa, wanda ya baje ya koma layi a sake amfani da shi. Mai shara ya rasa aikin yi. Na kuma sa wasan ya riƙa lura, in ya ga waya ta fara haki ya sauka zuwa hoto 30 a sakan, ya rage ƙurar. Babu wanda ya taɓa rubuto mini cewa ƙura ta ragu. Mako biyuna ke nan.

Tunda na ambaci mai shayi, ku dubi teburinsa. Sukari, madara, ganyen shayi, duk inda hannunsa zai kai ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Katan ɗin madara na ƙarƙashin tebur. Buhun sukari na gida. Furosesa ma haka take. Tana da 'yar ma'ajiya a jikinta da take kaiwa cikin kusan nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, zuwa ram kuwa yakan kai nanosakan 100. Ma'ajiyar waya ta fi nisa nesa ba kusa ba, intanet kuwa tafiya ce zuwa wani gari. Yawancin manhajojin da ke ba ku haushi ba lissafi ne ya yi musu yawa ba. Mai shayi ne da ke hawa mota zuwa kasuwa duk lokacin da aka ce a ƙara sukari cokali ɗaya.

Tun daga ranar nake ajiye tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi a kan teburina, kuma ita ke fara ganin duk abin da na rubuta. Manyan kamfanoni ma sun san wannan. A 2015 Facebook ya fito da Facebook Lite wanda bai kai megabayit 1 ba a lokacin, a shekarar kuma ya ba ma'aikatansa damar rage wa kansu saurin intanet zuwa na 2G na awa ɗaya ranar Talata, don su ɗanɗana abin da muke sha. Awa ɗaya a mako. Mu kuwa a ciki muke kwana.

Akwai darasi na biyu da wasa ya koya mini, wato yafiya. A yawancin wasannin tsalle, in ɗan wasa ya zarce bakin gini da ɗan kaɗan sannan ya danna tsalle, muna karɓa. Ƙafarsa na kan iska, a ƙa'ida ya faɗi, amma muna ba shi kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. In ya danna kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa ma muna riƙe masa, da ya sauka mu cika masa nufinsa. Ba ma gaya masa. Shi dai ya ji wasan na da daɗin hannu. Mun gane abin da yake nufi, mun yi masa.

Ku gwada wannan da ranar da na zauna cike wa ƙanena fom ɗin neman gurbin karatu. Gida kusan 30, har da sunan unguwar kakarsa. Na loda hoto, na danna turawa, sabis ya ɗauke na sakan biyu. Shafin ya dawo fari fat. Sau uku ina yi. A karo na huɗu aka ce hoton ya yi nauyi, ba a kuma faɗi nauyin da ake so ba. In da wasa ne ya yi wa yaro haka, ko minti ɗaya ba zai ƙara a wayar ba.

Kuma maganin tsoho ne. Mu da muka tashi da ɗauke wuta ya kamata a ce mu muke koya wa duniya shi. In wasana zai ajiye inda ka tsaya, ba ya taɓa tsohon fayil. Sabo yake rubutawa a gefe, sai ya gama tsaf, sannan a sauya suna a bugu ɗaya. In batir ya mutu a tsakiya, tsohon na nan. Ɗan kasuwar kirki ba ya yaga tsohon shafin bashi sai ya gama kwafe shi. Haka tura kuɗi: a ba kowace tura lambarta tun daga wayar. In sabis ya yanke mutum ya sake dannawa, can ɓangaren su ga lambar su ce wannan ai mun riga mun yi, ga shaidarka. Duk wanda ya tsaya gaban mai POS a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, an cire masa kuɗi ba su je ba, mai kaya na riƙe da ledarsa, ya san darajar wannan 'yar dabarar. Mai rubuta manhaja a ƙasar nan ya ɗauka yankewar sabis ita ce al'ada, samuwarsa kuwa baƙo ne.

Shi ya sa nake girmama lambobin nan da muke dannawa, tauraro, lamba, tsani. Saƙonsu ba ya wuce harafi 182, babu hoto, babu data, suna aiki a kan 'yar Nokia mai tocila da samari ke ce wa raka-ni-kashi. (Dariya.) Ku yi dariya, amma Nokia 1100 an sayar da sama da miliyan 250. Gunpei Yokoi na Nintendo da wannan tunanin ya yi Game Boy a 1989: ya zaɓi tsohuwar fasaha mai araha da aka gama sanin halinta, fuska marar launi, batir huɗu da ke wuce awa 10. Sega ta fito da Game Gear mai launi, batir shida, awa uku zuwa biyar sun ƙare. Game Boy da ƙaninsa mai launi sun haura miliyan 118, wancan bai ko kama ƙafarsu ba.

To, laifi tudu ne. Kafin ku tafa mana, ku sani mu masu wasanni mun san yatsa da zuciyar mutum fiye da kowa, kuma ba kullum muke amfani da sanin ta hanyar kirki ba. Jan ɗigon nan da ke kan manhaja yana kiranka, kyautar da za ka rasa in ba ka shigo yau ba, akwatin da za ka saya ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe, da yawa a wurinmu aka goge su kafin sauran su ara. Na ƙarshen nan ba sai na gaya wa ɗan Kano sunansa ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta kira shi da sunan a 2018. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki don a mayar wa mutanen da aka tsara musu madannai ta yadda za su sayi abu ba da niyya ba. An taɓa kawo mini aiki irin wannan, a sa madannin saye daidai inda babban yatsan yaro ke sauka in ya faɗi a wasa. Kuɗin na da kyau, kuma a lokacin ana bina kuɗin haya. Kwana biyu ina juya abin kafin in ce a'a, kuma ba zan ce muku kwana biyun nan ba su dame ni ba har yau.

Na ga mai gabatarwa na nuna mini agogo. A kawo tambayoyi.

Wata ɗaliba: Malam, sannu da ƙoƙari. Ke nan mu bar yarukan da ake koya mana mu koma yaren na'ura irin na mutanen da?

A'a, ƙanwata, kada ki sa malamanki su hana ni shayi. Chris Sawyer ya rubuta RollerCoaster Tycoon na 1999 kusan gaba ɗaya da yaren na'ura, shi kaɗai, amma shi ɗin ɗaya ne a cikin dubu. Kuma a yi adalci, wani nauyin da dalilinsa. Wayarki tana ɓoye saƙonki kada a karanta a hanya, tana nuna rubutun Larabci da na Sin, tana karanta wa makaho abin da ke fuska. Mario bai yi ko ɗaya ba. Mai rubuta manhaja kuma yana da maigida da ke cewa jibi nake so. Ki riƙe yaren da kike koyo. Abin da nake roƙonki, kowane yare yana da kayan awo da ke nuna wane layi ne ke cin lokaci, ki koyi buɗe shi tun yanzu. Kada ki yi hasashe. Ni sau nawa na rantse ga inda matsala take, awo ya ƙaryata ni. Sannan sau ɗaya a rayuwarki ki rubuta ƙaramin wasa, ko macijin nan na Nokia ne, daga farko har ƙarshe, ki tura wa ƙaninki ki zauna kusa da shi ki yi shiru. Kada ki ce masa ga inda zai danna.

Wani ɗalibi: Ranka ya daɗe, na yi wata manhaja da Hausa, amma haruffa masu ƙugiya suna fitowa kamar akwati, wani lokacin kuma suna na yankewa.

Madalla, matsala biyu ce ka haɗa. Akwatin daga salon rubutun da ka zaɓa ne, wanda ya zana shi bai zana ƙ da ɗ da ɓ ba. Ka nemi wanda ke da su, irin Noto, ka saka shi cikin manhajar da kanka, kada ka dogara da na wayar mutum. Ka duba har da ƴ, don 'yan'uwanmu na Nijar da ita suke rubutu. Yankewar kuwa ni ma ta taɓa cin ni. A tsarin UTF-8 da kwamfuta ke ajiye rubutu da shi, harafin Turanci bayit ɗaya ne, namu masu ƙugiya bayit biyu ne. In ka ce suna kada ya wuce takwas, kana ƙirga bayit a zatonka harafi kake ƙirgawa, wata rana wuƙar za ta faɗa tsakiyar ɗ ta raba ta biyu, sai shara ta fito. Ka gwada da Ɗanlami, da Ƙasimu, da Haɗiza in ka ga dama ka rubuta ta haka don gwaji, da duk sunan da ƙugiyarsa ta faɗo a ƙarshen iyaka. Ka same ni a waje in nuna maka layin.

An kira la'asar, mu tsaya nan. Ƙanwata mai sakan tara, don Allah kada ki tafi bayan salla, ina son in ga wayar nan. Wassalamu alaikum.